Angonki Ya Kai Ƙarshen Tsere, Ta-Kebbe

Ya gama! Wallahi ya gama, Ta-Kebbe. Bello jikanmu ya kai ƙarshen tseren da ƙafafunsa, ba a ɗauko shi a mota ba, har an rataya masa lamba a wuya. Kilomita arba'in da biyu. Ni ban san tsawon kilomita ba, amma an ce mini irin tafiyar da muke wuni muna yi da jaki ce, shi kuwa ya cinye ta da gudu kafin rana ta take tsaka.

Kin ga har na manta da sallama. Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan rana ta same ki cikin ni'imarSa. Haka malaminmu na ajin yamma ya koya mana, a fara da gaisuwa sannan labari ya biyo, amma yau labarin ya fi ƙarfin bakina.

Damina huɗu ke nan da rasuwarki. Ban taɓa rubuta miki wasiƙa ba kina da rai, don ko da na iya haɗa baƙi da wasali furfura ta riga ta cika mini kai. Kina ganina da littafi a hammata za ni aji sai ki ce, "Malam, in anka ba ka aikin ofis ka tuna da mu." Na san ba za ki karanta wannan ba. Da yatsa ɗaya nake danna ta a waya, kuma na san mutane za su gani. Su gani. Tun jiya na kasa zaune na kasa tsaye, kuma ke kaɗai nake so in gaya wa.

Kin tuna ranar da aka kawo miki shi yaye daga Sanyinna? Aka ce ɗan kwanaki zai yi ya koma wurin uwarsa. Kika ce angonki ya zo, ba inda za shi. Bai kuwa koma ba. Ni na zama tsohon miji, wanda ake kankaro wa ƙanzo bayan ango ya ƙoshi. Tun bai iya magana sosai ba yake ce mini Tsoho, ni ina ce masa ɗan ƙwace. In na yi sallama sai ya tare ƙofa ya ce in koma, matarsa ba ta son baƙi.

Yaron nan bai san tafiya ba, sai gudu. Ki aike shi sayen daddawa, kafin ki juya muciya sau uku ya dawo yana haki. Ki ce masa, "Ɗan ga, wa ka korar ka?"

Kuma kina da doka ɗaya wadda ba wanda ya taɓa tsallakewa, har ni. "Ba a fita gidan ga da ciki wofi, ko uban wa ka kira." Ko gona za ni, ko kasuwar Dogon Daji, ko ta'aziyya, sai na sha fura mai kauri kina tsaye a kaina. Fiye da shekara arba'in ina shan furar nan, ban taɓa ganin ta cuci kowa ba. Ki riƙe wannan, don a kanta na yi kuskuren da zan gaya miki.

Da kika tafi, gidan ya rage daga ni sai shi. Hadiza ɗiyarmu ke aiko mana da abinci, kwano ɗaya, mu zauna a zaure mu ci tare. Yana satar naman da ke gabana yana cewa haƙorana ba za su iya ba. Shi ne ma ya ja ni gidan kallon ƙwallo na bayan kasuwa don in rage zaman ɗaki. Na zaɓi masu jar riga don kawai shi yana bayan masu shuɗiya. Ashe wahala na zaɓa wa kaina. Duk ranar da aka ci mu, sai ya turo mini kwanon ya ce in ƙara loma, wanda aka yi wa duka ya fi buƙatar abinci.

Ɗinki yake yi yanzu, yana da kekensa a kasuwar Tambuwal. Amma gudun bai bar shi ba. Akwai wani tsohon soja a unguwarmu, Kofur Sahabi, shi ya gan shi ya ce wannan ƙafa ba ta zaman shago ba ce kawai. Kullum bayan asuba sai su kama hanyar garinku, Bello a ƙasa, Kofur a kan babur yana binsa yana duba agogo. Da farko mutane sun ce jikan Malam Garba ya zautu, ƙato da gajeren wando yana gudu ba abin da ya biyo shi. Daga baya masu shayi suka fara ɗaga masa hannu.

Bara ya shiga babban tsere a wani birni can kudu. Ciwon ƙafa ya kwantar da Kofur, sai na ce ni zan raka shi. Bello ya yi ta tsiya, wai zai kai ƙauye birni. Na ɗaure ƙullin fura, da hoce, wainar dawar nan tamu, da kilishi, na tura a ƙasan jaka ban gaya masa ba.

Ana gobe tsere ya kai ni wani gidan abinci da rana. Ta-Kebbe, ban taɓa shiga irinsa ba. Aka ba kowa takarda mai sunayen abinci, na karanta tawa da kaina, a hankali, ina bi da yatsa, har mai kawo abincin ya gaji da tsayuwa. Na zaɓi farfesun kifi da shinkafa. Yajin ya sa ni hawaye, amma ban bar ko romo ba. Cokali mai yatsu na ajiye shi gefe, na wanke hannuna na ci yadda na saba. Shi kuwa angonki, 'yar taliya fara ya ci da miya kaɗan, ba nama. Na dube shi, tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, wannan zai yi gudun wuni da abincin marar lafiya?

Da asuba bayan mun yi salla, ya fito da ayaba biyu da ɗan burodi. Ya ce abin da Kofur ya ce ya ci ke nan, kada ya ƙara komai. Ni kuma na riga na samo nono tun jiya a wurin wata Bafulatana da na gani a bakin hanya. Na zauna na dama fura a babban kwano, mai kauri irin taki wadda ludayi ke tsayawa a ciki, na ajiye hoce a gefe. Ya ce, "Tsoho, a bari sai na dawo." Na ce ayaba abincin biri ce. Ya yi dariya, ya sake cewa a bari.

Sai na faɗi abin da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce masa da kina da rai ba zai fita haka ba.

Dariyar ta ɗauke. Ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya shanye tas, ya gutsuri hocen ma. Ni kuwa har da jin daɗi, wai na cika miki amana.

Na tsaya a wurin da ake gamawa tun rana ba ta yi zafi ba. Na ga na farko ya shigo, wani siriri kamar karan dawa. Na ga ɗaruruwa sun shigo, har da mata, har da wani mai furfura sa'ana. Ina ta ɗaga hula ina leƙe. Sai da aka fara kwance rumfuna sannan wani ma'aikaci ya kai ni inda masu jinya suke. Na tarar da Bello kwance an sa masa ruwa a hannu. Wajen rabin hanya cikinsa ya murɗa, ya yi ta amai a gefen titi har ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Na tambaye shi me ya faru, ya ce zafin garin ne. Na yarda, don abin da na so in ji ke nan.

Tun daga ranar Tsoho ya mutu a bakinsa. Sai Baba. Da safe ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" kamar ɗan maƙwabta. Ba tsiya, ba satar nama. Aka ci masu jar riga huɗu ba ko ɗaya, na dawo gida ina jiran ya buɗe baki, sai ya ce mini Allah Ya ba da sa'a gaba. Ta-Kebbe, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sannan ya ce wa Hadiza ta riƙa raba mana kwano, wai yanzu abincinsa a kan ƙa'ida yake, da lokacinsa da awonsa. Ya ci nasa a shago. Nawa a ajiye mini a zaure.

Kofur ne ya buɗe mini ido. Muna gidan kallo da la'asar, an tafi hutun rabin lokaci, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam Garba, mi kab ba yaron ga da safe?" Na gaya masa, har da alfahari. Ya ce furar da ke riƙe manomi a gona ita ke kayar da mai gudu a hanya, don manomi yana sunkuye yana hutawa, shi kuwa mai gudu cikinsa girgiza yake kamar gora a bayan jaki. Ya ce wata tara yaron ya yi yana shirin ranar nan. Ban ga sauran wasan ba. Na tashi na fita. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma da sunanki na yi.

Yanzu ga wani abu da zan faɗa miki, ki yi haƙuri. Na zama mai cin abinci a waje.

Na san yadda kike kallon magidancin da ke cin abinci a kasuwa. Kin sha cewa ko dai ba shi da mata, ko matar ba ta da hannu. Amma na kasa cin tuwo ni kaɗai a zauren nan. In buɗe kwano, in yi loma biyu, in rufe. Wata rana na wuce tasha da safe, ƙamshin masa ya tsayar da ni a rumfar Inna Kulu. Na duba gabas na duba yamma, na zauna a ƙarshen benci ina jan hula. Direbobi na ta gardamar ƙwallo, wani ya turo mini yaji bai ko dube ni ba. Ban ankara ba na cinye masa shida da miyar sure.

Daga nan abin ya zama jiki. Na san mai tsiren da ke sa ƙuli da yawa, na san wanda balangunsa ya fi laushi ga mai haƙora irin nawa. Na san ranar da ake kawo wa Inna Kulu kifin tafkin Romo sabon kamu. Har Dogon Daji na taɓa hawa mota ranar kasuwa ba abin da zan saya, sai don wani dambu da aka ba ni labari. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin daɗinsa. Miyarsu ba ta kama ƙafar taki ba, amma akwai mutane, akwai surutu. Sai dai duk inda na ci abu mai daɗi, tunanin da ke fara zo mini shi ne da ɗan ƙwace yana nan da ya sace rabi.

Na yi niyyar ba shi haƙuri ya fi sau goma. Kin san ba a koya mana haka ba. Babba ya ce wa jikansa ya yafe masa, ta ina ake farawa? Sau ɗaya na je har shagonsa, na tsaya, ya tashi ya ba ni kujera, na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa aljihun rigata ya ɓarke. Ya ɗinke, na dawo.

Abin da na iya yi shi ne na ɗauki tsohon littafina na aji na je wurin Kofur, na ce ya karanta mini abin da mai gudu ke ci da wanda ba ya ci. Na rubuta duka, shafi biyu. Da tseren bana ya matso, na sayi dabino mai kyau da zuma 'yar Kebbe, don suna cikin abin da aka yarda, na ba Kofur na ce kada ya faɗi daga inda suka fito. Bana Kofur ne ya raka shi. Ba wanda ya ce in zo, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da za su tafi Bello ya zo ya durƙusa ya yi mini sallama. Bai karya ba, na sani, don na ga kofinsa a kife. Maganarki ta zo mini har kan harshe. Na haɗiye ta. Na ce Allah Ya kiyaye hanya, na bar shi ya fita gidanki da ciki wofi. Ki yafe mini. Shi ne abu mafi wuya da na yi tun bayan da na zuba miki ƙasa.

Jiya da asuba hannuna ya yi ta kai wa waya, ina so in kira in ji ko ya ci wani abu. Da na ga ba zan iya riƙe kaina ba, na kai wayar wurin liman na ce ya ajiye mini sai azahar, ko na zo na roƙa kada ya ba ni. Sau biyu na koma. Ya ce mini, "Malam Garba, kai kac ce."

Na roƙi mai gidan kallo ya buɗe da safe ya kamo mana tseren. Ya buɗe. Mu wajen ashirin muka zauna, har da waɗanda suka ce ya zautu. Ashe akwatin talabijin ɗin waɗanda ke kan gaba kawai yake nunawa. Awa biyu muna kallon waɗansu dogaye uku daga wata ƙasa, ba Bello ba alamarsa. Duk wanda aka hasko daga nesa da farar riga sai wani ya yi ihu ya ce ga shi nan, sai a ga ba shi ba ne. Aka gama da na gaba, aka ba su kofi, aka koma talla. Mutane suka watse ɗaya-ɗaya suna ce mini sai haƙuri. Na fita na zaga kasuwa, na je tasha, na dawo, na sake zagawa. Inna Kulu ta zuba mini masa, na bar ta ta huce a gabana.

Ana idar da azahar liman ya miƙo mini wayar, ya ce tun ɗazu take kuka a aljihunsa. Kofur ne. Ya ce Bello ya gama, awa uku da ɗoriya, lafiyarsa ƙalau. Bai zo na ɗaya ba, bai ma zo na ɗari ba, amma ya wuce mutane da yawa, kuma da gudu ya shiga ba da rarrafe ba. Na yi ta hamdala a ƙofar masallaci. Sai ya ce ga Bello zai yi magana. Na shirya jin Baba.

Muryarsa a dashe, ya ce, "Tsoho, an ce mini ka zama ɗan tasha. Duk masar garin kai ka cinye ta." Ya ce, "Yunwar shekara guda nike ji. In na zo ka kai ni duk inda kake ɓuya kana cin daɗi, kuma kwano guda za a zuba muna, in ga ko haƙoran sun ƙaru."

Na zauna a kan dakalin masallaci na yi kuka, Ta-Kebbe, a gaban mutane, da girmana. Da na samu bakin magana na ce masa ɗan ƙwace, marar kunya. Ya yi dariyar nan tasa.

Suna hanya yanzu. Kofur ya ce sai gobe da yamma in Allah Ya so, amma tun da na fara wasiƙar nan na tashi sau huɗu na leƙa ƙofa. Na share zaure, na sake sharewa. Na je na gaya wa Inna Kulu ta nemo kifi mafi girma, na koma na ce ta rage yaji, na sake komawa na ce ta bar shi yadda ta saba. Ta ce in na ƙara dawowa sai ta saka ni wanke-wanke.

Abu ɗaya ya rage mini, shi ke hana ni sukuni. Har yanzu ban ba shi haƙuri ba. Ya yafe tun ban roƙa ba, na ji a muryarsa, amma ba na so in zo in same ki da wannan a wuyana. Na yanke shawara zan faɗa kafin a sa hannu a kwano, a gaban kowa, don in muna mu biyu na san aljihun riga zan sake kawowa. Shi ya sa ma na rubuta a nan inda mutane za su gani. Yanzu ba ni da hanyar gudu.

Allah Ya jiƙan ki, Ta-Kebbe. Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke daga tafkin Manzo kamar yadda kika shayar da duk wanda ya taka gidan nan. Ya yafe mini abin da na yi da sunanki. Ya kawo su gida lafiya, Ya ƙara wa ƙafafun yaron nan albarka, Ya haɗa mu da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ne tsohon mijinki, wanda aka ƙwace wa mata,
Garba.

Ku kuma da kuke karantawa, jibi Talata bayan la'asar, rumfar Inna Kulu a bakin tashar Tambuwal. Mutanen Kebbe dangin kakarsa, mutanen Sanyinna dangin uwarsa, direbobi, 'yan gidan kallo masu ja da masu shuɗi, har da ku da kuka ce ya zautu, ba a ware kowa ba. Ku zo ku ga lambar, ku taɓa ta da hannunku. Ku zo ku ga jikana. In kuma kun ga na fara kame-kame, wani ya taɓa ni ya ce, Malam Garba, faɗi. Ku zo, don Allah, ku zo ku gani.